Idon Aro Don Mai Ƙiftawa

Ranar Alhamis da la'asar Ladan direba ya tsaya a bakin rumfar Habsa a kasuwar Djougou, ya yi ta juya turmin atamfa kamar mai saye, alhali kowa ya san ko hular kansa matarsa ce ke zaɓa masa. Sai da mai ciniki ta ƙarshe ta tafi sannan ya sunkuyo.

"Yaya Habsa, an kama ƙanenki, Mushe Iliassou malamin makaranta. Yau kwana goma sha bakwai."

"Goma sha bakwai, sai yau nake ji?"

"Wa zai faɗa? Ni ma ta maza na yi. Yana Parakou, unguwar Tourou, gidan nan da soja suka mayar ofis. Litinin da safe kamiyo, babbar motar nan ta soja, zai kwashe su zuwa kudu." Ya ajiye atamfar ya yi gaba, ko sallama babu.

Habsa ba ta ga laifinsa ba. Tun ranar Lahadin nan ta watan Janairu da sojojin haya suka sauka da jirgi a Kwatano, suka yi harbe-harbensu suka gudu, ƙasar ta koma kowa ɗan sandan kowa. An kafa shinge a kowace mararraba. Mutanen da jiya ba a ba su ajiyar akuya, yau su ne ke tambayar takarda. Wanda aka tafi da shi kudu kuwa, sai dai a riƙa jin labarinsa a bakin direbobi, in ma an ji.

Iliassou ƙanenta ne, kuma ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Yanzu malamin lissafi ne a wata kwaleji a Parakou. Ilimi kam an ba shi har ya yi yawa, wayo ne aka rage masa. Kwana ɗaya tak bayan harin, lokacin da duk mai hankali ya kulle ƙofarsa tun magariba, shi sai ya hau rufin gidansa da madubin jawo nesa, da rediyon da yake saita agogo da shi, da littafi cike da ranaku da lambobi. Habsa ba ta buƙaci a gaya mata abin da ya kai shi ba. Mai Ƙiftawa ne.

Haka suke kiran tauraron a gidansu. Mahaifinsu, Malam Mounkaila, ya san taurari kamar yadda ya san almajiransa da littattafansa, shi ya nuna mata shi tana budurwa, ita kuma ta nuna wa Iliassou yana shekara bakwai. Tauraro ne da ke zaune lafiya da haskensa, sai duk bayan kwana biyu da awa ashirin da minti arba'in da tara ya dushe na 'yan awoyi, ya kuma dawo kamar ba shi ba. Da Iliassou ya yi karatun boko ya dawo da bayani. Ya ce ba ɗaya ba ne, biyu ne ke kewaya juna, in mai ƙarancin haske ya gifta ta gaban mai hasken sai a ga dushewar. Ya ce akwai ma na uku da ido ba ya rabe shi, wanda ke jan biyun nan gaba da baya, shi ya sa dushewar take riga lissafi da 'yan mintoci a wasu watanni, a wasu kuma ta makara. Masana sun riga sun rubuta wannan, amma Iliassou ya rantse sai ya kama na ukun da agogonsa.

Shekara shida ke nan da ya sa ta cikin aikin. In gajimare ya rufe Parakou, ƙila Djougou a buɗe take. Yakan aiko mata da takardar lokutan da lissafi ya bayar, ita kuma ta zauna a tsakar gida da agogon mahaifinsu, ta rubuta da ajami a littafinta abin da idonta ya gani, ta ba Ladan kwafinsa ya kai masa ƙarshen wata.

Abin da babu wanda ya sani shi ne, wata goma sha huɗu ke nan Habsa ba ta ga Mai Ƙiftawa ba. Yanar ido ce ta fara sauka mata. Da rana tana lallaɓawa, don yatsunta sun san atamfa fiye da idon wasu. Da dare kuwa sama takan zame mata kamar gilashin fitilar da aka shafa wa mai. Mai sayar da zane in aka ji ba ta gani, kasuwarta ta mutu. Kuma ita Habsa, da ta saba a ce ita ke riƙe da kowa, ba ta iya buɗe baki ta ce wa yaron da ta goya ta gaza ba. Sai ta koma kwafe lokutan takardarsa tana mayar masa a matsayin abin da ta gani. Duk wata sai ta ce wannan ne na ƙarshe.

A daren nan ta ɗaure littafinta a cikin ɗankwali. Da asuba tana cikin motar Parakou.

Shinge tara suka wuce kafin su isa. A kowanne sai an sauke su, an kwance ƙullin kowa, an tambayi mai daddawa abin da ke cikin daddawarta. Ranar Juma'a ta ƙare mata a ƙofar gidan na Tourou, zaune a gindin mangwaro, sojan da ke gadi yana kallonta kamar kututture. Sai Asabar da hantsi aka ce ta shiga.

Liyetnan sojan da ke riƙe da wurin saurayi ne, bai fi shekara talatin ba, mutumin Bargu daga wajen Nikki, da Hausarsa irin ta kasuwa. Idanunsa sun yi ja don rashin barci. A gefensa Maazou na tsaye, delege, wato wakilin unguwa na kwamitin juyin juya hali, wanda kafin juyin ya juyo da shi kamasho ne a tashar mota. Shi ya hango Iliassou a kan rufi, shi ya kai rahoto, kuma tun ranar yake tafiya kamar shi kaɗai ya kori sojojin hayar.

"Ranka ya daɗe," in ji Habsa.

"Nan kamarad ake cewa," in ji Maazou.

"To, kamarad ya daɗe. Na zo kan maganar ƙanena."

Liyetna ya jawo littafin Iliassou ya buɗe. Shafi bayan shafi, layi biyu ne: lokaci a hagu, lamba a dama. Ya nuna mata da bakin biro.

"Juma'a, kwana biyu kafin harin, yana kan rufi. Litinin, kwana ɗaya bayan harin, yana kan rufi. Ga kuma ranakun da ba su zo ba tukuna, ya riga ya rubuta su. Gobe Lahadi, ƙarfe tara da minti ashirin da bakwai na dare. Manyana sun ce in gaya musu mi zai faru a wannan lokacin. Na tambaye shi, ya ce tauraro. Kwana goma sha tara yana ce mini tauraro."

"Gaskiya ya faɗa maka. Ga nawa littafin, shekara shida muna yi tare."

Ta kwance ɗankwalin da ƙarfin zuciya. Da yake ajami ne, Maazou ya karanta, Liyetna na bi da yatsa a littafin Iliassou. Da farko abin ya tafi daidai, nata da nasa suna kusa, bambancin minti biyu ko biyar. Da suka iso shafukan ƙarshe sai yatsan ya tsaya. Liyetna ya koma baya, ya jawo takardar lissafin da ke cikin littafinta, ya sake bi a hankali. Rashin barci bai taɓa masa kai ba.

"Tsaya. Wata goma sha huɗu, naki bai kuskure wa takardar da yake aiko miki ba ko da minti ɗaya. Shi da kansa da ya yi lissafin, nasa na kaucewa. Wannan ba kallo ba ne, kamarad, kwafi ne. Shi yana aiko da lokaci, ke kina mayar masa da shi, alamar saƙo ya iso. Wa kike miƙa wa a Djougou?"

Ta zo fid da shi, sai ga shi ƙaryarta ta ƙara masa igiya. Amsar tana bakinta, kalma uku ce kawai, amma Maazou na tsaye, kuma abin da Maazou ya ji da safe, tashar mota ta ji kafin azahar, Djougou ta ji kafin magariba. Ta haɗiye.

"Ba na miƙa wa kowa. Abin da zai faru gobe a bisa kanka zai faru, ba a ƙasa ba. Ka fito ka gani. Sai dai fa dole ka fara ganinsa yau, yana da lafiyarsa. Wanda bai san tauraro a cike ba, ba zai gane ya rage ba."

Maazou ya yi dariya. Liyetna bai yi ba.

"Bon. Amma ke za ki nuna mini, ba shi ba. Ba za ku ga juna ba sai an gama. In ya zama wasa kike mini, Litinin kamiyon nan yana da wurin mutum biyu."

Bayan isha'i aka fito da benci tsakar gidan. Maazou ya kawo fitila mai famfo yana ta hura ta, don a ganinsa aikin hukuma ba a yin sa a duhu. Habsa ta ce a kashe. Ya ce ba a kashe fitilar kwamiti. Sai da Liyetna ya yi masa kallo ɗaya sannan ya fita da ita waje.

Tun da rana ta auna gidan: ƙofa na gabas, rijiya na arewa, bencin na fuskantar rijiya. Ta zauna ta ɗaga kai kamar mai gani.

"Ka san Kaza da 'Ya'yanta?"

"Wa bai san su ba? Ga su can."

"Miƙe hannunka. Ɗora babban yatsa a kansu, ka buɗe taƙi ɗaya wajen arewa. Akwai mai haske a bakin ɗan yatsanka?"

Ta ji ya miƙe hannu yana aunawa.

"Akwai. Da wani ƙarami kusa da shi."

"Mai hasken shi ne namu. Ƙaramin maƙwabcinsa ne. Gaba kaɗan wajen dama akwai wani da ya ɗan fi namu, muna ce masa Babba. Ka riƙe su ukun. Yau namu ya kusa kamo Babba. Gobe war haka zai sauko ya zama tagwaye da ƙaramin."

Liyetna ya ce ya riƙe. Ta kwana a gidan wata 'yar garinsu mai sayar da doya a kasuwar Arzèkè, in dai ana kiran juye-juye a kan tabarma kwana.

Ranar Lahadi gidan ya cika da soja tun la'asar, don manya sun ce a zauna cikin shiri. Motarsu ce ma ta shigo tsakar gidan, dole aka matsar da bencin zuwa wani gefe. Habsa ba ta sani ba. Duhu ya riga ya yi lokacin da aka shigo da ita, wani soja ya kai ta har bakin benci, ta zauna tana zaton rijiya na gabanta kamar jiya.

Liyetna ya zauna a ɗaya gefen da takarda a kan gwiwa. "Ƙarfe takwas saura kwata. Ke kika shekara shida kina wannan aiki. Faɗi abin da kike gani, ni in rubuta."

Ta ɗaga kai. Babu komai sai baƙi da wasu 'yan tabo masu yaɗuwa. Ta san dai a wannan lokaci ya kamata a ce ya fara sauka, don haka ta miƙa hannu inda ta nuna jiya.

"Ga shi can. Ya rage sosai."

Sai ta ji wani soja ya yi tari irin na mai danne dariya.

"Kamarad Liyetna," in ji Maazou, murya har rawa take don daɗi, "kudu take nunawa. Mangwaro take nunawa. Na faɗa maka babu wani tauraro, bakinsu ɗaya."

Hannunta na nan a miƙe, ta rasa yadda za ta sauke shi. Ta ji Liyetna ya ninke takardar, ta ji bencin ya motsa zai tashi. Abin da ta gani a ranta a lokacin ba kamiyon ba ne, Iliassou ne yana shekara bakwai, ya kama bakin zanenta a tsakar gidansu yana cewa ta sake nuna masa. Kunyar da ta ɗauka wata goma sha huɗu kamar dutse, sai ta ga ashe ba ta kai nauyin komai ba.

"Ba na gani," ta ce.

"Mi kika ce?"

"Idona ya tafi. Yanar ido ce. Wata goma sha huɗu ban ga tauraron nan ba, ban kuma gaya wa kowa ba, har shi. Kwafin da ka gani gaskiya ka gani, ni na yi, don kunya. Babu wanda nake miƙa wa komi. Delege, ka kai labarin tasha, na yafe maka wahalar ɓoyewa." Ta juyo da fuskarta inda take jin numfashin Liyetna. "Amma kai idonka lafiya lau. Jiya ka gan shi. Ara mini idon naka awa uku, in ba haka ba ne ka sa ni a kamiyo."

Maazou ya fara magana, Liyetna ya ce masa ya yi shiru. Ta ji bencin ya sake karɓar nauyinsa. Da ya sake magana, muryar ta sauya.

"Ba yadda na bar shi jiya ba ne."

"Yauwa. To ga yadda ake yi. Ka ba Babba sifiri, ka ba ƙaramin goma. Namu yana ina a tsakaninsu? Kada ka yi dogon tunani, abin da ido ya fara faɗa maka."

"Jiya zan ce biyu. Yanzu... shida."

"Rubuta lokaci a hagu, shida a dama. Ka rufe tocila da hannu in za ka duba montur, agogon hannun nan naka, kada ta kashe maka ido."

Haka suka zauna. Duk bayan kwata ɗaya sai ta ce, "Duba," shi kuma ya duba ya faɗa ya rubuta. Shida. Bakwai. Bakwai. Takwas. Sojojin da aka ce su tsare ƙofa suka fara matsowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da bindigarsa a kafaɗa da hannunsa a sama yana auna taƙi. Har gardama ta tashi tsakanin biyu a kan takwas ne ko tara, Habsa ta ce su yi shiru, ido ɗaya ake bi daga farko har ƙarshe. Mace mai sayar da atamfa tana tsawata wa soja, suka kuwa yi shiru.

Wajen ƙarfe tara wata ya fito. Ita ma ta ga wannan, wani farin tabo a gabas. Ta manta da shi sam, ga shi kwana biyu kacal da cikarsa.

"Ƙaramin na ɓace mini," in ji Liyetna.

In ƙaramin ya ɓace, babu abin awo.

"Koma jikin bango, inda inuwa take. Ka kare gabas da hularka. Kada ka kalle shi kai tsaye, kalli gefensa kaɗan."

Ta ji takunsa ya nufi bango. Ta yi ta jan salati a zuci.

"Na same shi. Tara."

Ƙarfe tara da kwata ya ce goma. Daga nan babu wanda ya ƙara motsi. Wani soja ya kunna rediyon mota a hankali, ko za a ji wani abu ya faru a wani gari, babu komai sai waƙoƙin juyin juya hali. Tara da ashirin da bakwai ta zo. Kare ya yi haushi a bayan gida, wata mata a maƙwabta ta kira ɗiyarta. Shi ke nan abin da ya faru a ƙasa.

"Tagwaye ne," in ji Liyetna. "In ba jiya na gan shi ba, da na rantse ba shi ba ne."

"Sihiri ne," in ji Maazou. "Ɗiyar malam ce."

"To sihirin zai warware da kansa," in ji Habsa. "Kamarad, kada ka tashi. Rabin aiki ka yi. Sai ka raka shi ya hau kamar yadda ka raka shi ya sauka."

Ya raka shi. Goma. Tara. Takwas. Takwas. Bakwai. Ƙarfe sha ɗaya da kwata ya ce shida, tauraron ya riga ya gangara wajen rufin maƙwabta. Habsa ta ce ya isa.

Liyetna ya aika aka kawo littafin Iliassou, aka dawo da fitilar kwamiti. Ya buɗe shafin ranar Litinin ɗin da aka yi kamun, ya ajiye tasa takardar a gefe. Lokaci a hagu, lamba a dama, lambobin na hawa zuwa goma suna sauka. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Rubutun sirrin da ya hana shi barci kwana ashirin, ga shi ya cika shafi guda da irinsa da hannunsa, a gaban sojojinsa. Ya murza idonsa.

"Delege, in wannan laifi ne, da ni za a tafi gobe. A fito da malamin."

Ta ji ƙarar kwaɗo, ta ji taku mai jan ƙafa. Ba ta ga ramar da ya yi ba, sai da ya durƙusa ya gaishe ta ta kama kafaɗarsa ta ji ƙashi. Nan ne hawayen suka zo mata, ta bar su.

Shi kuwa Iliassou, Allah ya shirye shi, idonsa na kan takardar Liyetna.

"Wa ya yi wannan? Kai? Ba laifi." Ya matso da ita kusa da fitila. "Shida na farko takwas saura kwata, shida na ƙarshe sha ɗaya da kwata. Tsakiyarsu tara da rabi. Ya makara da minti uku. Ka gani, kamarad, na ukun ke nan da nake gaya maka, in ka duba shafi na..."

"Iliassou," in ji Habsa, "rufe bakinka mu tafi."

Liyetna ya riƙe madubin da rediyon da littattafan biyu, ya ce za su bi rahoto, tare da tasa takardar. Ya rubuta musu izinin wucewa shinge. Da ya miƙa wa Habsa sai ya sa mata ita cikin tafin hannu, ya ce, "Inna, a je likita da idon nan." Maazou bai gyara masa kalmar ba.

Suka fito titin Tourou, babu kowa sai su. Ta yi gaba kamar yadda ta saba, tana taka ƙasa da ƙarfi don kada a gane lalube take. Sun yi nisa kafin ta iya magana.

"Akwai abin da zan gaya maka. Littafin nan nawa..."

"Na ji ta taga, Yaya. Kuma na sani tun watan farko."

Ta tsaya.

"Shekara shida tauraron nan bai taɓa zuwa daidai kan minti ba, sai a littafinki. Ai abin da muke nema ke nan, rashin zuwansa daidai."

"Ka sani, ka ci gaba da aiko mini da takarda?"

"In na daina, kin san na gane. Na yi ta jira ki faɗa da kanki. Ke kika nuna mini shi. Da wane baki zan ce miki kin daina ganinsa?"

Ta so ta yi masa faɗa, don da ya yi magana tun farko da ba a kai ga wannan ba, amma ta tuna wa ya fara yin shirun. Ta ɗaga kai wajen da take zaton arewa ce.

"Ya dawo daidai?"

Ya juya ta kaɗan da kafaɗa, don ta ɗan kauce. "Saura kaɗan. Yana bakin rufin can, zai faɗi."

Sai ya kama hannunta ya ɗora a kan damtsensa. Shekara talatin da wani abu ita ke gaba yana biye, ta buɗe baki za ta ce ita ba makauniya ba ce, sai ta fasa. Suka ci gaba da tafiya a hankali, shi da ƙafar da ta kwana ashirin a ɗaki, ita da idonta.

"Yaya, ɗaga ƙafa," ya ce. "Akwai kwata."

Ta ɗaga.